Gyaɗa Bakwai a Ƙarƙashin Masaki

Babana wanzami ne, kakana ma haka, kuma duk Kusada da ƙauyukan da ke kewaye da ita da wuya ka sami gidan da askarsa ba ta shiga ba. Askin suna, ƙaho, kaciya, gyaran fuska ranar Juma'a, duk shi ake nema. Ranar kasuwar Kankiya kuwa yana da gindin bishiyar bedinsa, wadda ko bai zo ba babu mai shimfiɗa tabarma a wurin. Ni ce ɗiyarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko yana dariya ko yana fushi.

Tun ina ƙarama ni ke rataye masa zabira idan ya dawo, ni ke wanke ƙahonni in jera su a rana. Abin ya lalace ne shekarar da na fara karatun aikin lafiya a Kankiya. Wata uku kacal da fara karatu na ga ai na zama likita. Ran nan na biya ta kasuwa, na tarar ya gama yi wa wani tsagar ƙaho, ya goge askar da tsumma, ya yafito na gaba. A gaban mutane, ko sallama ban gama ba, na ce, "Baba, askar nan sai an dafa ta. Haka ake raba wa mutane ciwo."

Gaskiya na faɗa, har gobe ina kan bakana. Amma inda na faɗe ta da yadda na faɗe ta, Allah ya yafe mini. Baba bai ɗago kai ba, ya gama aikinsa. Da yamma na miƙa hannu zan karɓi zabira kamar kullum, sai ya janye ta.

"Bari, Uwata," ya ce. "Hannunki ya yi tsabta da yawa."

Shekara goma sha shida ban ƙara taɓa zabirar nan ba. Na gama karatu, na wuce birnin Katsina, na zama nas a ɗakin tiyata, na yi aure, na haihu, shi ya yi wa 'ya'yana askin suna. Muna gaisawa, muna raha, amma zabira tana rataye a ƙusarta ni kuma ina wucewa ta gefe. Inna ta taɓa tsegunta mini cewa ya koma sayen reza don aski, kuma yakan tsoma askar tsaga a tafasasshen ruwa idan ba kowa. A gabana dai bai taɓa nuna ya ji maganata ba.

Ciwon ya fara masa ne da damina. Da ya sha fura mai man shanu ko ya ci tsire, sai gefen cikinsa na dama ya ɗaure, ya yi ta amai, gumi na keto masa. Ya kafa wa kansa ƙaho a wurin har sau uku. Ya sha saiwoyi kala-kala. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi sannan ya yarda aka kai shi Kankiya aka yi masa hoton ciki. Duwatsu ne cike da maɗaciyarsa, kuma ta kumbura. Likitan da ya duba shi ya ce mini sai an cire ta, domin wani tashin da za ta yi yana iya zama na ƙarshe. Ya ce ana iya tsaga cikin a buɗe, amma da shekarun Baba da ciwon sugan da ke jikinsa, babban rauni zai daɗe bai warke ba. Shawararsa in kai shi inda nake aiki, a yi masa irin aikin da ake huda ƙananan ƙofofi huɗu, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, a ciro maɗaciyar ba tare da an buɗe ciki ba.

Wannan aikin kuwa shi nake tsayawa a kai kusan kowane mako. Ni ke wanke kayan, ni ke jera su, ni ke miƙa wa likita. Na dawo gida da murnata, na zauna gaban Baba a zaure na zayyana masa komai.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Shi likitan, ina yake kallo in yana yankan?"

"Allon talabijin, Baba. Kyamarar tana nuna masa cikin."

"Hannunshi yana nan, idonshi yana can."

"E."

"A'a."

"Baba, mene ne a'a?"

"Uwata, shekara hamsin ina riƙe da aska. Ban taɓa sa ta inda idona bai sauka ba. Ko jariri zan yi wa aski sai an fito da shi haske. Ki ce in kwanta wani yaro shi zura mini ƙarfe a ciki yana kallon talabijin? In kallo yake so shi tahi gidan ƙwallo."

Na ce to a buɗe cikin, tunda ido yake so. Ya ce abokinsa na Tafashiya da aka buɗe, damina guda ya yi a kwance, har yau bai iya sunkuya ya ɗauki buta. Wancan bai yarda ba, wannan ma bai yarda ba. Na kawo masa hotuna a waya, ya kau da kai. Na turo limamin unguwa, suka yi hira suka ci goro, liman ya fito yana ce mini ai malam ya ji sauƙi. Ta inda na shiga ba ta nan nake fita ba, Baba ya kafe.

Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, a wurinsa na gado ta. Ranar da ciwon ya sake tashi, na same shi duƙe a bayan ɗaki yana riƙe da bango, ya ciji leɓe don kada Inna ta ji nishinsa. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, su biyun suka haɗu suka fito ta bakina. Na ce masa taurin kai ne zai kashe shi ba duwatsu ba. Na ce da wani ne ya kawo maganar da tuni ya yarda, don daga bakina ta fito shi ya sa. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Na shige ɗakin Inna na fashe da kuka kamar ba uwar 'ya'ya uku ba.

Inna tana tankaɗe, ko tsayawa ba ta yi ba. Sai da na yi mai isata ta ce, "Ke ma dai da neman wahala. Shekara nawa kina gidan nan ba ki san ubanki ba? Mutumin nan ba ya jin magana da kunne. Ko tukunya zan saya sai ya ƙwanƙwasa ta da hannunsa. Ke kin zo kina ta zuba masa surutu."

Na share hawaye na zauna ina kallonta. Wallahi duk karatuna ban kai nan ba.

Ranar Litinin na koma aiki na sami babban likitanmu, wanda shi ne zai yi aikin in Baba ya yarda. Na gaya masa halin da ake ciki, na roƙe shi abu guda. A ma'ajiyarmu akwai kayan da kwanan watansu ya wuce ba a buɗe su ba, waɗanda ake ba sababbin likitoci su koyi hannu da su a cikin akwatin gwaji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa hannu a takarda, aka ba ni hantsaki guda.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin dogo ne kamar kamu ɗaya, siririn baƙin ƙarfe da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. A gindinsa akwai mariƙi irin na almakashi, a bakinsa kuma wasu 'yan haƙora biyu da ke buɗewa su rufe idan ka motsa yatsu. Irinsa kala biyu ne a wurinmu. Akwai na ƙarfe zalla da muke kwancewa mu wanke mu dafa a inji mu sake aiki da shi, akwai kuma irin wanda aka ba ni, da ake aiki da shi sau ɗaya a jefar. Dillalan kamfanoni suna zuwa mana da littattafai masu hotuna, kowa na yabon nasa, wannan daga Jamus, wancan daga Sin, wani daga Pakistan. Da ma ni ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, kayan aiki ne kawai. Sai da na naɗe shi a zane na sa a jaka na hau motar Kankiya sannan na ji kamar na ɗauko wani abin kirki.

Asabar da hantsi na isa Kusada. Ban ce wa Baba komai ba. Na ajiye hantsakin a kan tabarmarsa cikin ledarsa, na wuce wurin Inna na ce ta ba ni babban masakinta.

"Wane masakin? Na furata?"

"Shi."

"Mi za ki yi da shi?"

"Huda shi zan yi."

"La'ilaha illallahu! Masakin da na zo da shi gidan nan? Ke da ubanki duk kanku ɗaya, ba ku iya ganin abu lafiyayye."

Tana faɗa tana miƙo mini. Da na fito tsakar gida, Baba ya riga ya yage ledar. Yana juya hantsakin, yana buɗe bakin yana rufewa, ya kai shi kusa da kunne yana sauraron ƙararsa.

"Maƙeran wane gari ne suka yi wannan?"

Na duba ledar na ce, "Wannan na Sin ne. Amma irinsa ake aiki da shi ko'ina, har Makka da Indiya inda masu hali ke zuwa."

"Maƙera ɗaya tana ƙera wa duniya duka." Ya jinjina kai. "To don mi suka ba ki?"

"Ya lalace ne, kwanan watansa ya wuce. Kuma ko bai wuce ba, sau ɗaya ake aiki da shi a jefar."

Baba ya saki baki. "Ƙarfen ne ke lalacewa kamar nono? A jefar? Wannan?" Ya rungume shi a ƙirji kamar zan ƙwace. "Askata ta tsaga ta kakanki ce, an wasa ta har ta koma kamar ganyen rama, tana nan tana aiki. Kai, mutanen nan Allah zai tambaye su."

Na ce ledar ce ke tsufa, ba a lamunce tsabtarsa bayan ranar. Bai ma saurare ni ba. Na kifa masakin a ƙasa, na nuna masa inda nake son ƙofofi, babba a tsakiya, ƙarama a gefe. Shi da kansa ya sa ƙarfe a wuta ya huda, yana yi yana tambayata ko hauka nake ji. Na ɗebo gyaɗa bakwai cikin sabuwar da aka kawo mana daga Kunduru, na ɓare, na zuba a ƙarƙashin masakin tare da murfin kwalba. Na kunna kyamarar tsohuwar wayata da fitilarta, na kwantar da ita a kan ƙofar tsakiya. Sai ga cikin masaki tar a fuskar waya, gyaɗa bakwai da murfi.

"Ga cikinka nan, Baba," na ce. "Ga duwatsun. Zura hantsakin ta gefe ka tsince su ka sa a murfi. Sharaɗi ɗaya, ba ɗaga masaki."

Ya yi wani murmushi na raini. Mutumin da ke aske kan jariri ɗan kwana bakwai ba ko ƙwarzane, shi za a ce ya tsinci gyaɗa? Ya gyara zama, ya zura.

Tabɗi! Ya kai hannu dama, bakin hantsaki ya tafi hagu. Ya ɗaga hannu, baki ya yi ƙasa. Haka abin yake, tunda ƙarfen a bakin ƙofa yake jingine, duk inda ka tura gindi sai kai ya yi ɗaya wajen, kuma a allo ba ka gane nisa. Ya rufe haƙoran a kan iska. Ya sake, ya ture murfin. Da ƙyar ya kama guda, kafin ya kai ta sai ta suɓuce ta gangara. Inna ta bar dakanta ta zo ta tsaya a kanmu.

"Malam, ga ta can bayanka," in ji ta. "A'a, hagu. Hagun naka fa, ba na maƙwabta ba."

"Ke, tahi wurin aikinki!"

Gumi ya jiƙa masa riga. Har aka kira azahar gyaɗa ɗaya ce a murfi, ita ma ina jin da kanta ta faɗa. Ya zare hantsakin ya ajiye, ya ce wayar ce ke yi masa ƙarya.

Na ce, "Kawo in gani."

Ni ba likita ba ce, amma na sha riƙe kyamara a tiyata, kuma idan ba aiki mukan yi wasa da akwatin gwaji. Na zura, na tsince shidan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, na jera su a murfi, ko minti biyu ban yi ba. Ban kalli Baba ba sai da na gama. Ashe shi ba wayar yake kallo ba, hannuna yake kallo. Ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya ɗauki buta ya tafi masallaci.

Lahadi na koma birni na bar masa masaki da hantsaki da wayar. A mota na yi ta cin kaina. Na ce ke kam ba ki da hankali, kin sake kunyata mutumin nan, wannan karon ma a gaban matarsa. Ranar Laraba Inna ta kira ni ta ce ciwon ya motsa da safe, ya yi amai har sau huɗu, amma ya lafa. Na ce ya yi maganar asibiti? Ta ce ina fa, ko kasuwa bai je ba, yana nan duƙe kan masaki tun ranar da na tafi, sau biyu a rana yake kai waya caji, gyaɗarta kuma ta kusa ƙarewa.

Asabar na dawo da niyyar ko da ɗaure shi ne sai na sa shi a mota. Na same shi a tsakar gida ya rame, idanu sun faɗa, masaki a gabansa.

"Zauna, Uwata," ya ce.

Ya zura hantsakin. A hankali, yana cije leɓe, ya ɗauki gyaɗa ya sa a murfi. Ya ɗauki ta biyu. Har bakwai, ba wadda ta faɗi. Sai dai kowace ya kama sai na ga ta tsage, jar fatarta ta yage. Na karɓi hantsakin na duba bakinsa. Haƙoran nan da suke a dakushe sun koma sai ƙyalli suke, ko gashi ka sa sai su yanke.

"Baba! Wasa shi ka yi?"

"Na wasa shi."

"A kan dutsen askarka?"

"To a kan mi? Na ga bakin a dakushe, na ce ragwancin maƙeri ne." Ya sosa gemu. "Kafin in wasa shi yana ɗaukar gyaɗa lafiya lau. Da na wasa shi sai ya koma fasa ta. Na zauna na yi tunani. In hanjin mutum ne fa?" Ya nuna bakin hantsakin da yatsa. "Da gangan ya bar shi a dakushe. Maƙerin nan ya san abin da yake yi. Ni na ɓata mashi aiki."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya ce shi ya ɓata wani abu ba. Inna da ke bakin murhu ta saki ludayi a tukunya. Ni kuwa dariya da kuka suka taho mini tare, na toshe baki da mayafi.

"Likitan naku ya fi ki hannu?" ya tambaya.

"Ni ko kusa da shi ban kai ba, Baba."

"Da hannu ɗaya yake yi?"

"Biyu. Har ɗinki yana yi a ciki ya ƙulla zare."

"Shekara nawa yana yi?"

"Tun kafin in fara aiki a wurin."

Ya kalli masakin. "Kwana bakwai na yi, idona ya fara sauka inda hannuna yake. Ashe ana gani. Wani irin gani ne dai, sai an koya." Ya ɗago. "Zan tahi. Amma da sharaɗi. Duk ƙarfen da zai shiga cikina, ke za ki duba shi, ke za ki wanke shi. Ban yarda da wankin kowa ba."

Na ce to.

Ranar da aka kwantar da shi, babban likitanmu ya zo gaishe shi. Baba ya ce ya miƙo hannuwansa. Bawan Allah ya miƙa. Baba ya juya su ciki da baya, ya duba farce, ya ce ya buɗe yatsu ya tsayar da su a iska. Ni ina gefe kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya ga ba sa rawa sai ya ce, "To, madalla. Ka kula da hagu da dama, yaro, abin yana juyawa." Likita ya ce insha Allahu zai kula, Baba.

A ƙa'idarmu ba ka tsayawa a kan aikin mahaifinka, don haka abokiyar aikina ce za ta miƙa kaya. Amma shirin kayan nawa ne. Na zaɓi na ƙarfe zalla, waɗanda ba a jefarwa, don na san su zai fi so. Na kwance kowanne gaɓa-gaɓa, na bi ramukan da burushi, na ɗauraye, na duba haƙora a ƙarƙashin fitila, na gwada almakashi, na naɗe na sa a inji. Aikin da na yi sau ba adadi ne, amma ran nan sau biyu na duba kowanne. Da safe na raka gadonsa har ƙofar ɗakin tiyata. Ya ce, "Kin duba?" Na ce na duba. Ya rufe ido ya fara salati, aka tura shi ciki.

Na zauna a benci tare da Inna, wurin da kullum nake wuce mutane ina ce musu su kwantar da hankali. Daga ranar na daina faɗa wa kowa haka da gatsali. Awa ɗaya da 'yan mintuna, sai ga abokiyar aikina ta leƙo, ta sauke ƙyallen bakinta, baki har kunne. Ta miƙo mini 'yar kwalba, duwatsu a ciki masu ruwan ƙasa-ƙasa. Inna ta faɗi ta yi sujada a kan simintin asibiti. Ni na tsaya riƙe da kwalba ina ta faɗin alhamdulillahi kamar ban san wata kalma ba.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne laluba cikinsa. Ya ji filasta huɗu 'yan ƙanana. Ya ce a kawo madubi. Ya duba ta cibiya, ya duba sauran ukun, ya ce, "Tsagar ƙahona ta fi wannan faɗi." Da yamma ya taka da ƙafarsa zuwa bayi yana ƙorafin kafaɗa na yi masa ciwo, na ce iskar da aka hura masa ce, za ta wuce. Kwana biyu aka sallame mu.

Mako uku bayan nan na biya ta kasuwar Kankiya a hanyata ta zuwa gida. Tun daga nesa na hango taro a gindin bedi, na ce ko jikin ne. Ina matsowa sai na ji muryarsa. Baba ne zaune a tabarma, ya ɗage riga yana nuna tabo huɗu, kwalbar duwatsu na zagaya hannun mutane. A gabansa ga masakin Inna a kife da waya a kai, wani dattijo daga Kafinsoli yana fama da hantsaki, jama'a na ta yi masa ihu, hagu, a'a dama! Baba yana kallonsa yana girgiza kai irin na gwanaye.

Ya hango ni. A wurin nan dai, gindin bishiyar nan, inda na taɓa kunyata shi. Na rage tafiya.

"Ku ba ta hanya," ya ce da ƙarfi. "Ga mai abin nan ta zo. Ɗiyata ce. Ita ta wanke ƙarfen da aka shiga cikina da shi, ko zazzaɓi ban yi ba. Bakwai take tsincewa kafin ka gama cin goro."

Na durƙusa na gaishe shi, na gaida dattawa, fuskata a rufe da mayafi don kada su ga abin da idona ke yi. Aka tashi kasuwa muka hau mota ɗaya zuwa Kusada, masaki a cinyata, zabira a kafaɗarsa.

Da muka shiga gida Inna ta karɓi masakinta tana mita, wai yanzu ko tsaba ba zai riƙe ba. Baba ya tsaya a bakin ɗakinsa, gaban ƙusar da yake rataye zabira. Ya sauke ta daga kafaɗa, ya riƙe ta kamar mai auna nauyinta. Sannan ya juyo ya miƙo mini.

"Uwata, gobe ina da askin suna gida biyu, da ƙaho ɗaya. Ki wanke mini su irin wankinku."

Na sa hannu biyu na karɓa. Fatar ta ƙara laushi, warin nan nata na man aski da hayaƙi yana nan yadda na san shi. Na ce wa Inna ta ba ni tukunyar da ba ta miya ba. Na hura wuta, na zauna a kan turmi na kwance zabirar, na fara fito da su ɗaya-ɗaya, har askar kakana. Baba ya jawo tabarma ya zauna kusa da ni yana kallon hannuna.

"Minti nawa ake barinsu a ruwan?" ya ce.